Kurus ɗin motarka ya daina aiki? Kada ka bari a yi maka "haɗin kai tsaye"

Yau maganarmu da masu tsofaffin a-kori-kura ce, musamman 'yan Amurka da ake shigo da su ta Kwatano. Da yawansu na da na'urar riƙe gudu, wadda direbobi ke kira kurus: ka danna maɓalli a sitiyari, mota ta ci gaba da tafiya a gudun da ka saita ba sai ka taka totur ba.

Ranar da ta daina aiki, abu biyu ake yawan faɗa maka a gareji: ko dai "kwamfuta ce ta mutu", ko kuma "bari mu yi mata haɗin kai tsaye". A ganina, kada ka yarda da ko ɗaya sai an gwada ƙananan abubuwa tukuna.

Ga inda za a fara:

1. Fiyus. Duba na kurus da na fitilar birki. In ya ƙone, sa mai lamba ɗaya da shi. Ban da naɗa masa zaren waya.

2. Makunnin birki, wanda ke saman fedar birki. Shi ke gaya wa kurus ya saki idan ka taka. In ya lalace, mota na ɗauka ƙafarka na kan birki kullum, sai kurus ya ƙi kamawa. Sa wani ya tsaya a baya ya duba fitilu yayin da kake takawa kana saki. In mai giyar hannu ce, kuloci ma yana da nasa makunnin.

3. Naɗaɗɗiyar wayar da ke bayan sitiyari. In oda ta daina kuka, fitilar jakar iska kuma ta kunnu a gabanka, to ita ce abin zargi. Amma a cire kan batir a jira wasu mintuna kafin a taɓa wurin, kuma a bar wayoyin da ke da rawayen soket, na jakar iska ne.

4. Allurar maleji. In tana tsalle ko ta kwanta, matsalar na na'urar auna gudu ce.

Wayarka ma za ta taimaka. Motocin Amurka daga 1996 suna da soket ɗin OBD-II a ƙasan sitiyari. Da ɗan ƙaramin ELM327 mai Bluetooth da manhaja irin Torque, za ka karanta lambobin matsalar injin da kanka.

To me ya sa nake ƙin haɗin kai tsaye? Saboda yana tsallake fiyus ko makunni, wato masu gadin motarka. Ka yi tunanin ka taka birki a kan babbar hanya, kurus kuma ya ƙi saki.

Akwai darasi daga Amurka. Tsakanin 1999 da 2009, kamfanin Ford ya kira motoci sama da miliyan 10, ciki har da F-150 da Expedition, saboda wani ɗan makunnin kurus da ke jikin tukunyar man birki. Mai na ɗiga cikinsa, shi kuma yana da wuta ko an zare makulli, har mota ta iya kamawa da wuta tana ajiye. Maganin da aka yi wa da yawansu: waya mai fiyus. Kamfani ya ƙara fiyus don tsira, mu kuma mu cire?

In irin wannan motar gare ka, shigar da lambar VIN mai alamomi 17 a shafin hukumar NHTSA ka ga ko akwai kiran da ba a gyara ba. In ka ga damshin mai a soket ɗin makunnin, a cire shi yau, ba gobe ba.

Mota na tafiya lafiya lau babu kurus. Gara ka haƙura da shi wata guda har ka samu mai wayarin da zai auna da mita kafin ya ɗauko filaya. Rigakafi ya fi magani.

Allah Ya tsare mu a hanya.