Shagon Haya Ne, Ba Gidanmu Ba

Ranar 2 ga Yuni 2021, kamfanin Twitter ya goge wani saƙon Shugaba Buhari. Bayan kwana biyu gwamnati ta dakatar da Twitter, har zuwa Janairun 2022. Wanda ya iya goge maganar shugaban ƙasa, tamu za ta gagare shi?

Ƙaunatattu, mai atamfa a Kantin Kwari da ke tallar kaya a Facebook, da ikkilisiyar Sabon Gari da ke watsa sujada a can, duk 'yan haya ne. Mai gidan yana wata ƙasa, yana iya sa kwado ba tare da ya ji ta bakinka ba.

Ba kowace gogewa ce tsanani ba. Kano ta san barnar jita-jita, Yakubu sura 3 kuma ya kwatanta harshe da wuta. In zagi aka goge mana, mu tuba. In bishara ce, mu tuna Ayyukan Manzanni 4: majalisa ta hana Bitrus da Yohanna magana, ba su yi shiru ba.

Ku adana wa'azinku, ku riƙe ziyarar gida-gida. Wannan ba kamfanin da zai goge ta.