ADON ƊAKI: Kafin Ki Zuba Ruwa a Akwatin Kifi



Wata ƙanwata da aka kai Kongolam, can bakin iyakar Nijar a ƙasar Daura, ta aiko mini da kukanta. Akwatin gilashi na kifin ado da angonta ya sayo mata ya tsage cikin dare, kafet ya jiƙe sharkaf, kifaye na ta mutsu-mutsu a ƙasa. Wai ita baki ne ya kama shi. Haba amarya, ba baki ba ne, mazauni ne!

Kin ga lita 1 ta ruwa kilo 1 ce. Akwati mai cin lita 50, wato jarka 2 ta 'yan garuwa, nauyin buhun shinkafa ke nan, ban da yashi da duwatsun ciki. Gilashi kuwa ba ya jure murɗiya. In teburin ya karkace, ko kan ƙusa ya leƙo, ko gindin akwatin ya zarce bakin tebur, sai nauyin nan ya taru wuri guda. Shi ya sa iyayenmu ke girke randa a kan yashi.

To ki samu tebur mai ƙwari, shafaffe, ki shimfiɗa farin soson nan na cikin kwalin talabijin, mai faɗi. Ki zuba ruwa kaɗan ki duba. In ya rinjaya gefe guda, kwashe shi, ki cusa ɗan katako ƙarƙashin ƙafar tebur, ba ƙarƙashin gilashin ba. Kuma don Allah kar ki ja shi da ruwa a ciki wai za ki yi shara.

Sai fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.