Mudun Baltimore da Goyon Bahaushe

Tun da Mary Ainsworth, wadda ta fara nazarin goyo a ƙauyukan Buganda a 1954 kafin ta zauna a Baltimore ta Amurka, ta tsara jarrabawar nan da ake shigar da ɗan shekara guda ɗakin da bai sani ba, uwarsa ta fita ta bar shi da baƙuwa, sa'an nan a lura da yadda zai tarbe ta in ta komo, malaman halayyar ɗan Adam suka riƙi waɗannan mintuna 20 a matsayin mudun auna shaƙuwar kowane jariri da mahaifiyarsa. Wanda ya yi kuka, ta dawo ya rungume ta ya natsu, shi ne mai ingantacciyar shaƙuwa. Wanda ya kau da kai, ko ya ƙi rarrasuwa, sai a rubuta masa rauni.

Da aka kai jarrabawar Bielefeld a arewacin Jamus, kusan rabin jariran suka share iyayensu. A Sapporo ta Japan kuwa, inda da wuya uwa ta rabu da goyonta, ba a sami mai sharewa ba, amma an sami masu kukan da ya ƙi tsayawa har aka riƙa katse jarrabawar. A 1988 masu bincike van IJzendoorn da Kroonenberg suka haɗa bincike 32 daga ƙasashe 8, suka tarar natsattsu ne masu rinjaye a kowace ƙasa, kuma saɓanin da ke cikin ƙasa guda ya fi na tsakanin ƙasashe. Wannan hujja ce, na karɓe ta.

Abin da ban karɓa ba shi ne ƙiyasin da ke ɗaukar cewa uwa guda, a ɗaki guda, ita ce duk duniyar jariri, alhali a gidanmu na Hausawa, inda uwa ke jin kunyar ɗan fari har ba ta ambatar sunansa, balle ta yi masa wasa a gaban surukai, yaro yana tashi ne tsakanin bayan kaka, da cinyar kishiyar uwa, da kafaɗar yarinya mai raino. Mai bincike da bai san urfinmu ba zai ga wannan kawaicin ya kira shi sanyin zuciya, hukuncinsa kuwa zalunci ne. Binciken da Robert Marvin da Robert LeVine da abokansu suka buga a 1977 a kan jariran Hausawa ya nuna kowane ɗaya yana shaƙuwa da mutum uku ko huɗu, kuma wanda ya fi ɗaukarsa shi ne mafakarsa, ko da ba shi ke shayar da shi ba.

Saboda haka ina ganin wajibi ne ɗalibanmu na Zariya da Kano, kafin su rufe jariri a ɗaki da baƙuwa, su yi watanni a tsakar gida suna lura da wanda jaririn yake rarrafawa wurinsa idan ya firgita.