Daga Bakin Gulbi: Ƙafar Bamaraɗe a Kan Dutsen Bagzan

Shekaranjiya wani abokina ma'aikacin gwamnati ya same ni fuska a murtuke, takarda a hannu: an yi masa canjin wurin aiki zuwa jahar Agadas, yana cigiyar wanda ya san wani babba a Yamai domin a soke. Na tambaye shi ko ya taɓa wuce Tanut, ya ce Allah ya kiyaye. Alhali kuwa mutumin nan ya san Kano lungu-lungu, ya je Kwatano sayen mota, ya kuma sauke farali. Shi ya sa na ga ya dace in ba ku labarin wata tafiya da muka yi cikin watan Disamba na 2019.

Wanda ya tayar da zancen wani dattijo ne Bagobiri na Tsibiri, tsohon malamin lakwal. Shekara talatin yana koya wa yara cewa Gobirawa a Abzin suka zauna kafin su gangaro kudu, su yi Birnin Lalle, su yi Alƙalawa wadda ta faɗi a 1808, har Sarki Mayaƙi ya kafa Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Ya ce abin kunya ne mutum ya mutu bai ga wurin da yake ba da labarinsa ba. Muka haɗa kuɗi mu bakwai, muka ɗauki shatar wata Hiace, muka loda mata jarkokin ruwa, da barguna, da gari, da ƙuli-ƙuli, da kayan shayi.

Ta Tasawa muka bi, muka kwana Damagaram, muka miƙa Tanut da Adarbisinat. Kusan kilomita 700 ke nan kafin mu hango hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, ginin ƙasa zalla. Bayan mun sanar da hukuma inda muka dosa, muka ɗauki ɗan jagora, muka nufi Tabelot. Daga nan babu sauran kwalta, sai duwatsu baƙaƙe kamar an ƙona su, da busassun ƙoramu cike da rairayi. Sau biyu motar ta kafe, sau biyu alhazai suka tuɓe manyan riguna suka tura. Direba dai bai daina yi wa kansa Allah ya isa ba har muka iso.

A Tabelot ne bakin ɗaya daga cikinmu ya mutu. Shi manomin rani ne na Jiratawa, inda gwamnati ta shirya fili fiye da hekta 500 tun farkon shekarun 1980, kuma tun daga gida yake yi mana alfahari da zogalen garinsu. Sai ga shi tsaye cikin garakan albasa da tafarnuwa da dankalin turawa, kore shar a tsakanin duwatsu, a ƙasar da ruwan shekara bai kai rabin namu ba. Da can raƙumi ke jawo guga daga rijiya, yanzu injin ban ruwa ya yawaita. 'Yan kasuwarmu da ke ganin manyan motocin albasar Agadas suna wucewa kudu, da wuya a samu wanda ya taɓa taka garkar da ta fito.

Washegari da asuba muka bar motar a gindin Bagzan, kowa ya goya jakarsa. A nan zan faɗi laifina. Na cika jakata da kayan da ba su da amfani, har da rediyo, na kuma sa takalmin ofis. Kafin hantsi ƙafata ta yi bororo, numfashi yana fita da ƙyar. Mu mutanen gulbi, da tudun da ya fi kowane tsawo a rayuwarmu shi ne matakalar bene, ina muka san hawa? Wata tsohuwa ta zo ta wuce mu tana kora jakuna biyu, ta dube ni, ta ce da Hausa garau: "Sannu, ɗana, ɗora kayan bisa jaki." Ban yi musu ba.

Malam kuwa, mai shekara saba'in da ɗoriya, sandarsa kawai ya riƙe, yana taku ɗaya-ɗaya. Na ce masa: "Baba, a huta mana." Ya ce: "Kai dai huta. Kakannina da ƙafa sunka sauka, ni ko da ƙafa ni ka hawa."

Sai bayan la'asar muka kai sama. Wanda bai gani ba zai zaci ƙololuwa ce mai tsini. A'a, fili ne shimfiɗaɗɗe, da ƙauyuka, da garake, da idanun ruwa. Can gefe ake hango Idukal-n-Tagas, mita 2,022, wurin da ya fi ko'ina tsawo a Nijar. Ba mu hau shi ba, kada wani ya ce na yi ƙarya. Sanyin daren kuwa, hunturun Maraɗi wasan yara ne: da asuba ruwan buta ya daskare.

A bakin wuta ne ɗan jagoranmu ya faɗi maganar da har yau take damuna. Ya ce da can Turawan Faransa da na Jamus yake hawa da su. Tawayen 1990 ya tsayar da aikin, sulhun 24 ga Afrilu 1995 ya maido shi, rikicin 2007 ya sake kashe shi, har abokan sana'arsa da yawa suka tafi haƙar zinari a Jado tun 2014. Mahaifinsa kuma maɗugu ne: ya kai ayari Bilma ɗaukar gishiri da dabino, ya gangara da su ƙasar Hausa ya musanya da hatsi. Sai ya ce: "Alhaji, mu mun san kasuwanninku, mun san farashin tiyarku, mun iya harshenku. Amma ku ne Hausawa na farko da na hau da su dutsen nan ba don an tilasta musu ba."

Babu wanda ya amsa. Ni dai ina ganin bai yi mana ƙazafi ba. Muna cika baki da haɗin kan ƙasa kowace ranar 24 ga Afrilu, amma ma'aikaci yana ɗaukar arewa gidan kaso, ɗan kasuwa kuma yana jiran kaya su iso shi tasha. A ɗaya daga cikin ƙauyukan mun tarar da wani matashin malamin lakwal ɗan wajen Madarunfa, shekararsa ta uku ke nan a can, ya fara jin Tamashek, uwayen yara suna aiko masa da cuku. Abin da ya roƙe mu kawai shi ne mu kai wa mahaifiyarsa saƙo.

Malam ya sauko da ɗan dutse baƙi cikin aljihu, yana nan bisa teburinsa a Tsibiri. Abokina kuwa, da na gama ba shi labarin nan, ya ninke takardarsa ya mayar aljihu. Bai ce zai tafi ba, bai ce ya fasa neman babban nan na Yamai ba. Ya dai tambaye ni bargo nawa ke isar mutum ɗaya.