Yawon ɗalibi ma karatu ne

Wani dattijo ya same ni gidan rediyo cikin fushi. Ɗansa da ke karatu a Maroko ya aiko masa da hotuna daga Fas da Essawira. Ya ce: "Malam, karatu na tura shi ko yawon buɗe ido?"

Na ce: "Baba, ka yi haƙuri, wannan ma karatu ne." A Fas ne masallacin Ƙarawiyyin yake, wanda wata mata, Fatima al-Fihri, ta kafa a shekarar 859. A Essawira kuwa, tun 1998 ake bikin kiɗan Ginawa, jikokin bayin da aka ƙetara Sahara da su daga ƙasashenmu. Yaron da ya ji wannan kiɗa har ya tuno da bori, ya koyi tarihin da lakkal ba ta ba shi ba.

Amma fa Baba na da tasa gaskiya. Kuɗin bursi ba su isa, sai an sayar da gero a cika. Don haka ɗalibai, ku fita lokacin hutu, ku tafi a ƙungiya, ku guji cin bashi. Wanda yawo ya kayar a jarrabawa ya ci amanar gida.