Ruwa Ba Ya Tsami Banza

A wannan wata filin namu zai leƙa bakin ruwa ne. Duk mai shiga kasuwar kifi a Garwa ko Marwa ko Kusiri ya san kukan da ake yi, wato kifi ya yi tsada, wanda ake kawowa kuma duk ƙanana ne. Maganar ta shafe mu ƙwarai, domin 'yan'uwanmu da yawa da fataucin banda suke ciyar da iyali, har su biya wa yara kuɗin makaranta.

Bari mu ɗauki tafkin Lagdo. A shekarar 1982 aka gama gina madatsar a kan kogin Binuwai da taimakon ƙasar Sin. Da ruwa ya taru sai ya haɗiye daji da ciyawa da tsofaffin gonaki. Waɗannan suka ruɓe a ƙarƙashin ruwa suka zama abincin ƙananan halittu, su kuma suka zama abincin kifi, sai kifi ya yawaita. Haka kowane sabon tafki yake, kamar sabuwar gona ce da ke ba da amfani ba tare da taki ba. To amma wannan abinci ƙarewa yake yi. Labarin arzikin kuwa ya riga ya kai ko'ina, masunta sun taho daga can arewa da Nijeriya da Cadi. Abincin kifi yana raguwa, jiragen su suna ƙaruwa.

Da kamu ya ragu, sai aka shiga matse idon raga, har wasu suka koma jan gidan sauro a bakin gaɓa, inda 'ya'yan kifi ke fakewa. Wasu marasa tsoron Allah ma maganin ƙwari suke zubawa. Giwan ruwa kuwa sai ya yi shekaru kafin ya isa yin ƙwai. In an kama shi tun yana ɗan yatsa, wa zai haifi na baɗi? Dalili ke nan manyan kifaye su ke fara ɓacewa, a bar mu da ƙananan karfasa.

Sai kuma abin da ake yi a tudu. Ana sare itatuwa don yin banda, ana noma har bakin ruwa. Ruwan sama ya wanke ƙasar ya zuba cikin tafki, ruwa ya gurɓace, laka ta binne wuraren ƙwai, zurfi kuma ya ragu.

Akwai kuma maganar ambaliya. Yawancin kifayenmu a cikin ciyawar da ruwa ya malale da damina suke hayayyafa. Da aka gina madatsar Maga a 1979, malalar kogin Logon a filayen yayre ta ragu, kifi ya ragu tare da ita, sai a 1994 aka fara sake buɗe wa ruwan hanya. Tafkin Cadi ma, wanda faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000 a 1963, farin 1973 da na 1984 sun tsuke shi ƙwarai, ko da yake ya ɗan farfaɗo daga baya.

Fari dai ba a hannunmu yake ba, amma raga da sikeli suna hannunmu. Hukuma takan rufe su daga Yuli zuwa Satumba a Lagdo da Maga don kifi ya hayayyafa. Masunci ba zai saci hanya da dare ba sai don ya san akwai mai saye da asuba, kuma sau da yawa mu ne masu sayen. Saboda haka ina kira ga shugabannin 'yan kifi na kasuwanninmu da su zauna da sarakunan ruwa kafin damina, a yanke cewa ba mai sayen ɗanyen kifin tafki a watannin hutu, ba kuma mai karɓar wanda bai kai tafin hannu ba.

Allah ya ba mu damina mai albarka. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.