«Marabout»: buhu ɗaya da aka zuba malamai duka a ciki

Faransanci ya bar wa ƙasar Nijar wata kalma wadda ɓarnarta ta fi yadda ake zato, wato «marabout». Asalinta Larabci ne, amma a bakin ma'aikatan mulkin mallaka sai ta zama buhu guda da ake zuba kowa a ciki: mai karantar da Risala a zaure, da shehun ɗariƙa mai dubban muridai, da mai bugun ƙasa yana karɓar kuɗin goro. Hausa kuwa ba ta taɓa yin wannan kasala ba. Tana da alaramma da gardi, tana da malamin ilimi da muƙaddami, tana da malamin tsibbu, kuma ta ware boka gefe guda. Ɗan lakwal da ya ɗauki kalmar Faransanci ya ɗauko ta tare da rainin da ke cikinta, har ya kai ga kallon mutumin da ya shekara talatin yana nazarin fiƙihu da nahawu kamar ɗan damfara. Abin takaici, shi wannan mai rainin sau da yawa shi ne ke lallaɓawa da dare neman rubutun sha idan jarrabawa ko zaɓe ya matso.

Suka ta biyu daga cikin gida ta fito. Tun da aka kafa Izala a Jos a 1978, wa'azinta ya biyo hanyar fatauci ya shigo Maraɗi da Damagaram, yana cewa babu shamaki tsakanin bawa da Ubangijinsa. Akwai gaskiya a wani ɓangare na ƙorafin, domin an ga talaka ya sayar da akuyarsa don kai hadiyya gidan da ya fi nasa wadata. Sai dai masu wannan suka su ma ba su rabu da shehunnai ba. Wanda ya haddace kaset ɗin malaminsa, ba ya yarda a ce ya yi kuskure ko a wasali ɗaya, shi ma muridi ne, suna kawai ya sauya.

Tarihin wannan ƙasa yana da misalin da ya fi na ɓangarorin nan duka. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta ta ƙasar Gobir a 1754, ya yi karatu wajen Malam Jibrilu ɗan Umaru, malamin da ya yi zamansa a Agadas. Shehu ya girmama shi matuƙa, ya yabe shi a rubuce. Duk da haka, da Malam Jibrilu ya tafi a kan kafirta Musulmi saboda manyan zunubai, almajirin bai bi shi ba: ya rubuta saɓaninsa da hujja, ladabinsa bai ragu ba. Masu cewa muridi ya zama kamar gawa a hannun mai wanka ba su cika ambaton wannan ba, haka ma masu ganin duk girmama malami bauta ce.

Ma'aunin da ya kamata a riƙe shi ne abin da ke fita daga zauren malami. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta tura jajoji ƙauyuka suna karantar da matan aure, aka san su da ƴan taru. A Kiota, gidan Shehu Abubakar Hashim, an buɗe wa ƴan mata makarantu. Wanda kuwa ya tara yara arba'in ya sake su kasuwa da ƙoƙon bara, shekara biyar ba su wuce Sabbi ba, rawaninsa ba zai hana a tambaye shi ba, kuma iyayen da suka miƙa masa su suna da nasu kason laifin.

Malaman makarantun boko su ne suka fi kowa damar gyara. Duk ranar da kalmar «marabout» ta fito a littafin karatu, sai a tsayar da aji a tambayi yara wanne daga cikin sunayen Hausa marubucin yake nufi.